Maleriyar Malam Garzali

Duk Bahaushen da ya taɓa cin naman layya a Greensboro, hannun Malam Garzali na dama ya bi ta kan naman nan kafin ya isa tukunyarsa. Gajeren hannu ne mai kauri, tafinsa duk kanta, kuma mai shi yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da takardun digirinsu. Da shi yake ci, da shi yake ciyar da gida, da shi kuma ya samu sarautar da ba wanda ya naɗa shi. Hannun nan ne ya tashi barinsa bara bayan babbar salla, kuma in za a faɗi gaskiya, shi da kansa ya riƙa yi masa rakiya.

Mutumin Kazaure ne. Mahaifinsa tela ne, kuma a gidansu ko kaza za a yanka sai an aika a kira maƙwabci. Garzali ya koyi aikin kujeru a Kano, yana ja musu yadi yana cusa soso, har ranar da ƙuri'ar biza ta faɗa kansa. Ya fara sauka a New York, sanyi da hayaniya suka taru suka ishe shi. Wani ya ba shi labarin cewa a North Carolina akwai garin da ba abin da suke yi sai kujeru, shi kuwa ya tattara ya taho. Ya samu aiki a wani kamfani a High Point, ya kama haya a Greensboro, daga baya ya koma gida ya auro Kubura. Suka zauna a wani ɗan tsohon gida a Glenwood, cikin ɗalibai masu yawo a keke da gajeren wando. Kubura ta samu aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare. 'Ya'yansu biyu sun girma sun bar gari, in ya yi musu Hausa a waya su amsa masa da Turanci, ya kashe wayar yana mita.

Yadda ya zama Sarkin Fawa kuwa, abin a yi dariya ne. A shekarun farko, lokacin Hausawan garin ba su fi a zauna a falo ɗaya ba, sai suka haɗu suka tafi gonar wani dattijon Bature a Pleasant Garden suka sayi ragunan layya. Aka samu mai ilimi a cikinsu ya yi bisimilla ya yanka. Daga nan fa aka tsaya cirko-cirko. Ga mai karatun lissafi, ga mai karatun sinadarai, ga wanda ya kusa zama dakta a fannin noma, amma ba wanda ya taɓa fiɗa. Kowa a gidansu mahauci ake kira. Garzali ya zagaya ragon sau ɗaya, ya tsuguna ya duba ƙafafun, ya ce ai wannan da tsohuwar kujera duk ɗaya ne: ka nemo inda ɗinki ya fara, ka bi a hankali, kada ka yaga yadin. Ya naɗe hannun riga ya cire fatar nan tas, ko huji ɗaya babu. Tun ranar sunan ya bi shi. Da suna, da walima, da layya, shi ake nema, kuma ko sisi ba ya karɓa, sai dai a ba shi kai da ƙafa a kuma saurari bayaninsa, wanda ya fi fiɗar daɗewa.

Mutum ne mai kirki, wannan ba a ja. Baƙo in ya sauka garin, a motarsa zai fara ganin kasuwa da masallaci. Amma yana da abu ɗaya da ko ɗaure shi za a yi ba zai saki ba. A wurin Malam Garzali, cuta a duniya iri biyu ce: maleriya, da kuma maleriyar da ba a gane ba. Ciwon kai, maleriya. Kasala, maleriya. Ranar da ya zame a ƙanƙara ya bugu a ƙugu, ya ce ai da ma jirin maleriya ne ya kayar da shi. In aka ce masa sauron garin nan ba ya ɗauke da ita, kuma shi rabonsa da Najeriya shekara da shekaru, sai ya yi murmushin tausayi ya ce ai ba ta fita daga jikin wanda aka haifa da ita. Kwanciya take yi a jini, in ta ga mutum ya gaji ta tashi ta miƙe ƙafa. Saboda haka duk wanda zai je gida, saƙonsa ɗaya ne: a taho masa da yajin ƙuli da maganin maleriya. Yana da wata gwangwanin biskit a saman firij cike da su, wasu ma kwanan watansu ya wuce tuni. Ciwon suga da likita ya ce yana da shi kuwa, wannan bai shiga lissafin cututtuka ba. In an tambaye shi sai ya ce ɗan kaɗan ne, na shayi.

Kada a ɗauka shi kaɗai ne. Rabin mutanenmu na garin, har da masu koyarwa a jami'a, in zazzaɓi ya kama su abin da ke fara faɗo musu ke nan. Bambancin kawai, su suna jin kunyar faɗa.

Ana nan sai Rumasa'u ta zo. 'Yar wan Kubura ce, ta yi aikin jinya a Kano kafin ta samu gurbin karatun lafiyar al'umma a jami'ar da ke kusa da su. Ta kama ɗaki a bayan layinsu, amma tukunyar gwaggonta ba ta ba ta damar koyon kunna nata murhun ba. Wata Asabar suna cin tuwo, Garzali ya tambaye ta abin da take bincike a kai, har ya sa take ƙura wa kwamfuta ido kamar mai jiran saƙon aure.

Ta ce akwai wata ƙwayar cuta, strep, wadda kowa ya sani ko da bai san sunanta ba. Ita ce ke sa wa yara ciwon maƙogwaro, ita ce ke cikin ƙurajen nan masu ruwa da ke fito musu a ƙafa. Yawancin lokaci a nan take tsayawa. Amma in ta samu ƙofa, ko yanka ko gyambo, ta shiga jini, to tana iya kashe ƙaton mutum kafin danginsa su gama jin cewa ba shi da lafiya. Ita kuma tana kwatanta yadda abin ke kama 'yan asalin Ostireliya, Aborijin, da yadda yake kama sauran mutanen ƙasar. Ta ce ratar ba kaɗan ba ce, ninki ne a kan ninki.

Garzali ya ajiye loma. «To Allah mai iko. Kin baro masu ƙazuwa a Kazaure, kin hau jirgi kin zo Amurka, don ki karanci ƙazuwar Ostireliya. Kubura, kin ji inda ilimi ya kai 'yarki?»

«Baba, ai ka faɗi abin da kanka,» in ji Rumasa'u tana dariya. «Ƙazuwa tana ciki. Mutane da yawa a ƙaramin gida, famfo ya lalace, yara suna susa har fata ta buɗe. Ga diabetes, ciwon suga ke nan, ga ciwon ƙoda, ga asibiti da nisa. Ba wai a jininsu abin yake ba. Duk wanda yake da rauni a fata, yana kuma da suga, zai iya samu.»

«Allah ya yaye musu,» in ji shi, ya miƙa hannu ya jawo kwanon miya. Daga bayanin nan gaba ɗaya, abin da ya ɗauka ya adana shi ne cewa can a ƙarshen duniya akwai wasu bayin Allah masu wata cuta tasu. Zancen suga kuwa ta gefen kunnensa ya wuce.

Babbar sallar bara ta zo cikin zafi. Aka sauko daga idi aka ɗunguma Pleasant Garden, motoci a jere a bakin shingen gona. Ragunan sun yi yawa, don yanzu jama'a ta ƙaru, kuma kowa so yake Sarkin Fawa ne zai taɓa nasa. Kubura, wadda a wurin aikinta ko burodi ba a taɓawa sai da safar hannu, ta ɗebo masa wasu a jaka tun daga gida. Ya kalle su ya kalle ta.

«Hajiya, Sarkin Fawa da safar roba? Rago zan feɗe ko haihuwa zan karɓa?»

Ta mayar da su jaka. Ta daɗe da sanin cewa in mutane suna kallonsa, magana ba ta shigarsa.

Can wajen azahar, yana zura hannu cikin ƙirjin wani rago da aka sassara da adda, tsinin ƙashin haƙarƙari ya soke shi a yatsansa manuni, daidai gaɓar tsakiya. Ba wani rauni ba ne. Ya tsotse jinin ya tofar, ya barbaɗa gishiri, ya yagi gefen wani tsumma ya ɗaure, ya ci gaba da aiki har rana ta yi sanyi. Ya gaisa da duk wanda ya zo wurin, ya wanke hanji, ya ɗauki jikokin mutane, duk da yatsan nan. Da hutun da ya ɗauka na salla ya ƙare ya koma kamfani ya ci gaba da jan yadi, yatsan yana zugi yana yi masa tsawa.

Sai zazzaɓi ya rufe shi. Ya dawo daga aiki yana rawar sanyi a tsakiyar bazara, haƙora suna haɗuwa, gaɓoɓi kamar an yi masa dukan taro. Abin mamaki, har da ɗan farin ciki a fuskarsa, irin na mutumin da maganarsa ta tabbata.

«Ta tashi,» ya ce wa Kubura. «Na faɗa miki gajiyar layyar nan sai ta tashe ta. Sauko min da gwangwanin.»

«Malam, yatsan nan fa ya kumbura.»

«Yatsa daban, maleriya daban. Kada ki haɗa min su.»

Washegari amininsa Salifou ya zo dubiya. Mutumin Maraɗi ne, direban babbar mota, kuma shi ne mataimakin Garzali a harkar likitanci. Ya taɓa goshinsa, ya buɗe masa ido ya leƙa, ya gyaɗa kai.

«Palu ne, mon frère, maleriya tsantsa. Waɗannan comprimé naka, ƙwayoyin gwangwanin nan, sun tsufa. Ga na Yamai, sabo fil, ƙanena ya kawo.» Da ya ga yatsan kuwa, sai ya sa aka kawo lemon tsami, ya huda shi, ya zura yatsan ciki. «Voilà. Kafin gobe ya tsotse dafin.»

Haka 'yan dubiya suka riƙa tarar da Sarkin Fawa, a kishingiɗe cikin bargo biyu da lemon tsami a yatsa. Kowa ya shigo ya ce yaya jiki, shi kuma ya ce da sauƙi, don mu ko ana ɗauke da mu a kan makara in da za mu iya magana abin da za mu ce ke nan. Kowa kuma ya bar nasa maganin. Wannan ya ce sirace, wancan ya ce citta da kanumfari, wani malamin jami'a mai furfura ya ce shi ma haka tasa ke yi masa, sai ya haɗa da na taifod take sauka. Wani ya ɗan ambaci asibiti, Garzali ya ɗaga hannun mai lemo ya dakatar da shi. Ya ce likitocin nan me suka sani game da maleriya? A littafi kawai suka ganta. Kana faɗa musu sunanta za su sa takunkumi su killace ka, su tara ɗalibai suna kallonka.

Rumasa'u ba ta gari, ta tafi wani taro na makaranta. Ranar da ta dawo, da rana tsaka, ta biyo gaida gwaggonta ta tarar da ita a kicin ta yi tagumi. Ta shiga falo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce da sauƙi. Ta nemi izinin ganin hannun, ya miƙo yana cewa ai lemon ya kusa gama aikinsa. Ta zare lemon ta duba. Yatsan ya yi suntum, kansa ya fara duhu. Bayan hannun ya yi ja yana sheƙi, ga wani jan layi ya fara hawa ta wuyan hannu. Ta taɓa hammatarsa ta ji kaluluwa, ta riƙe tsintsiyar hannunsa ta ji jijiya tana gudu.

Tsoro ya kama ta sosai, har muryarta ta canza. «Baba, wannan ba malaria ba ce. Infection ne, ƙwayar cuta, kuma ina jin ya shiga jini. Don Allah ka tashi mu tafi asibiti, emergency, yanzu.»

«Wane jini? Cutar mutanenki na Ostireliya kike so ki liƙa min?»

«Baba, hannun nan za ka iya rasa shi. Wallahi ba wasa nake ba. Hannun ma in an yi sa'a ke nan.»

«Na kusa gama shan maganin Salifou. In na gama ba ta sauka ba, sai mu ga abin da za a yi.»

Yarinya ba ta ɗaga wa mijin gwaggonta murya, balle ta ja shi zuwa mota. Ta kalli Kubura, Kubura ta kalli ƙasa. Sai Rumasa'u ta buɗe jakarta ta ɗauko biro, ta yi abin da suke yi a ɗakin jinya. Ta bi gefen jan nan a hankali ta zagaye shi da layi, tun daga bayan hannu har wuyan hannu.

«To Baba, mu yi haka. In maleriya ce, ai ba ruwanta da layin nan. In jan ya tsallake shi kafin la'asar, ka yarda mu tafi.»

Garzali yana son musu, amma ya fi son ya ci musu a gaban shaida. Ya ce ya yarda, Kubura ce shaida. Ya ma ƙara da cewa in bai tsallake ba, Rumasa'u za ta rubuta a cikin bincikenta cewa lemon tsami ya fi boko.

Ba a kai la'asar ba. Kubura ta dafa shayi ta kawo, kafin ya huce jan ya haye layin ya bar shi a baya. Garzali ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce tun farko ta zana layin a karkace. Ya ce wataƙila ma tawadar biron ce ta ƙara masa zafi. Sai kuma ya juya ya kalli Kubura, ya ce ta leƙa shago ta gaya wa Baba a bar keken ɗinkin haka, ƙararsa tana sara masa kai. Mahaifin nasa kuwa ya rasu tun kafin a yi aurensu.

A nan Kubura ta daina zama shaida. Ta ɗauki waya da kanta ta kira motar asibiti, da Turancinta na kicin ɗin makaranta, ba ta yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Da ma'aikatan suka zo suna ɗora shi a gadon ɗauka, ya buɗe ido ya ce musu, cikin ladabi, malaria ce kawai, kada su damu.

A asibiti wata likita ta tambaya yaushe rabonsa da Afirka. Kubura ta ce tun bikin ƙanwarsa, lokacin autansu ma bai gama sakandare ba. Duk da haka aka gwada jinin, don a fita hakkinsa. Ba a samu ko ƙurar maleriya ba. Abin da aka samu shi ne strep ɗin nan ta Rumasa'u, ta cika jinin, ta sa ƙarfin bugunsa ya faɗi, ta fara taɓa ƙoda. Sugan shayi kuwa, da aka auna, sai da ma'aikaciyar ta sake aunawa. Aka kai shi ɗakin masu tsananin ciwo, aka jona masa ƙarin ruwa da allurai ta ko'ina.

Likitan tiyata ya kira Kubura da Rumasa'u gefe. Ya ce ƙwayar ta cinye naman yatsan, ta kuma gangara cikin tafi. Dole a buɗe a yanke duk abin da ya mutu, kuma ba zai san inda za a tsaya ba sai ya shiga. Zai yi iya ƙoƙarinsa ya ceci hannun, amma ba zai yi alkawari ba. Rumasa'u ta fassara wa gwaggonta, ko da yake ta riga ta gane. Kubura ta ce a yi. Ta koma ta zauna a kujerar baranda, tsoro da haushi suna cinta lokaci ɗaya. Tana tsoron a fito mata da miji ba hannu, ko ma a ce babu shi. Tana jin haushinsa, tana jin haushin Salifou da lemonsa, ta fi jin haushin kanta da ta sauko masa da gwangwanin nan da hannunta. Salifou ya zo ya tsaya daga nesa, hula a hannu, bai iya ko gaishe ta ba.

An shiga da shi fiye da sau ɗaya. Kowace shiga sai a ce a jira a ga ko jan ya tsaya. Jama'ar da suka ce maleriya ce suka cika barandar asibitin da kulolin abinci, kowa yana cewa shi da ma tun farko yatsan nan bai kwanta masa a rai ba. A ƙarshe jan ya tsaya. Hannun ya tsira, da dogon ɗinki tun daga tafi har wuyan hannu. Manunin ne bai tsira ba, an cire shi daga tushe.

Da ya dawo hayyacinsa aka gaya masa, bai yi kuka ba, bai ko yi shiru mai tsawo ba. Ya ɗaga hannun cikin bandeji ya jujjuya, ya ce ɗinkin dai ba laifi, amma da a kamfaninsu ne sai an sa mutum ya warware ya sake. Ya kuma tambaya, ƙasa-ƙasa, ko sun duba maleriyar da kyau.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai wanke masa ciwon, dattijuwa mai dogon gashi, wadda ta ce ita 'yar asalin ƙasar nan ce, kakanninta suna nan tun kafin jirgin ruwan Turawa ya iso. Garzali ya ji daɗin wannan, ya ce ashe ita ce mai gari. Wata rana tana naɗa masa bandeji ta ba shi labarin kawunta, can ƙauyensu a kudancin jihar. Shi ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, shi ma yana da suga, shi ma ya zauna yana jiƙa ƙafar a ruwan gishiri. Asibiti ya yi musu nisa, ba kullum ake samun mota ba, kuma tsohon bai taɓa shiga wurin ya fito yana jin an ɗauke shi mutum ba. Da aka kai shi an makara. Ta tambayi Garzali shi nasa gidan yana da nisa ne. Ya ce a'a, daga ƙofarsa in ka tsaya kana jin jiniyar motocin asibitin. Ta ci gaba da naɗi. Ranar dai bai ƙara yi wa kowa bayani ba har aka kawo abinci.

Aka sallame shi da jakar magunguna da dokoki. Gida ya cika da 'yan barka. Ya zauna a tsakiyar falo yana ba da labari, kuma a bakinsa labarin ya riga ya fara gyaruwa, har ya zama kusan shi ne ya ce a kira motar. Rumasa'u tana gefe tana zuba wa baƙi kunu, ba ta ƙaryata shi ba. Ya ce kamfani sun ce za su mayar da shi wajen duba aikin yara sabbi, wanda da ma shi ya fi dacewa da shi. Ya ce yatsa tara ma ai sun ishi mai hankali. Aka yi ta dariya, har da Salifou, wanda sai a ranar ya samu bakin magana.

Da baƙi suka watse aka kira la'asar a wayarsa. A asibiti a kwance ya yi ta salla, da ido da zuciya, rabi ma bai san ya yi ba. Wannan ce ta farko da zai yi a kan darduma. Kubura ta taimaka masa ya yi abin da ya sawwaƙa na alwala, ta shimfiɗa masa, ta shimfiɗa tata a bayansa. Ya tayar da salla, ya yi ruku'u, ya yi sujada yana kare hannun. Ya zauna zaman tahiya, ya ɗora hannun a cinya kamar yadda ya saba tun yana yaro a Kazaure, ya dunƙule sauran yatsun. Da ya iso kalmar shahada sai ya ɗaga manuni.

Kubura tana bayansa, tana ganin bandejin ya ɗan motsa a inda yatsan yake a da. Ba abin da ya tashi. Ta ji raɗar karatun ta tsaya. Ta ga kafaɗunsa sun fara rawa, mutumin da aka yanka aka sake yankawa bai zubar da hawaye ba. Ya daɗe a haka kafin ya iya ƙarasawa ya yi sallama, ita ma ta yi.

Bai juyo ba. Yana kallon hannun a cinyarsa ya ce, da wata murya da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, «Kubura, da wanne zan nuna yanzu?»

Ta matso a kan gwiwoyinta ta zauna kusa da shi. Ta ɗauki hannun da hannayenta biyu, a hankali don kada ta fama ɗinkin, ta ɗora a cinyarta.

«Malam, wanda kake nuna wa ya san inda yatsan yake.»

Ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa, bai janye hannun ba.